Tambaya da Amsa: Baba, na gaji da aikin Ubangiji, ko na faɗi ne?

Jama'a barkanmu da sake haɗuwa a filin namu. Wannan watan saƙonni uku na zaɓa, duk kusan abu ɗaya suke zagayawa, ta farkon ce ta fi tsayi kuma ita tafi ci mini rai dan haka a kanta zan daɗe. Na cire sunaye da garuruwa kaman yadda muka saba.

TAMBAYA

Baba Rabaran gaisuwa cikin sunan Yesu, ya Mama da jikoki? Ni fasto ne a wani ƙauye a kudancin Kaduna, shekarata 11 a aiki, ina riƙe da babbar ekklesiya ɗaya da ƙananan masujadai uku da nake zagayawa a mashin. Dan Allah kar a sa sunana. Baba ranar Lahadi sujada biyu nake yi, ta Hausa da ta Turanci, da yamma in tafi ƙauye, Litinin taron dattawa, Talata zumuntar mata suna so ni zan musu nazari, Laraba addu'ar tsakiyar mako, Juma'a addu'ar dare, Asabar kuwa in ba aure ba to jana'iza, ga sasanta ma'aurata da ba shi da rana ba shi da lokaci, ga gona dan albashin baya kai mu ko tsakiyar wata. Tun da aka kai hari a ƙauyen kusa da mu muka binne mutane da yawa rana ɗaya barcina bai sake dawowa daidai ba. Yanzu waya na ƙara sai gabana ya faɗi. Littafi Mai Tsarki ba na buɗewa sai in zan shirya wa'azi, in na durƙusa addu'a ko barci ya kwashe ni ko in rasa abun faɗa. Abun da ya fi tsorata ni, watan jiya ina jana'izar wani ƙaramin yaro uwar tana kuka tana faɗuwa, ni kuma ban ji komai ba, wai lissafin kuɗin man mashin nake a zuciyata. A gida kuma sai faɗa, matata tace na zama kaman baƙo. Na faɗa wa wani babba a aiki yace harin shaiɗan ne in yi azumin kwana uku ba ci ba sha, nayi, saura kaɗan in faɗi a bagade. Baba ko na faɗi ne? Ko Allah ya janye kiransa daga kaina? Ina tunanin rubuta takardar barin aiki.

AMSA

Ɗana Fasto sannu, sannu ƙwarai. Ajiye biron nan tukuna, ba a rubuta irin wannan takardar da idon da bai yi barci ba. Ba faɗuwa kayi ba, gajiya ce, irin wadda ta wuce jiki ta shiga har cikin ɓargo. Mutumin da ya faɗi ba ya tsorata dan bai ji tausayi a bakin kabari ba, ko a jikinsa. Kai kuwa abun ya hana ka sukuni har ka rubuto, wannan kaɗai ya nuna mini zuciyar makiyayi tana nan, ƙarfi ne babu.

Na san wannan hanyar dan na bi ta. Ina da shekara arba'in da 'yan kai, ina wata ekklesiya a cikin gari, na tsaya gaban akwatin gawa zan yi addu'a sunan mamacin ya ɓace mini ƙaf, mutumin da ni na masa baftisma fa, sai da wani dattijo ya raɗa mini. Na koma gida na zauna a bakin gado da kwat ɗina da takalmi har Mama ta shigo ta same ni a haka. Lokacin ba wanda ya faɗa mini abun da zan faɗa maka yanzu.

Ka buɗe 1 Sarakuna sura 19, amma kar ka ɗauki biro, ba wa'azi zaka fitar ba. Iliya ne, jiya-jiya ya tsaya shi kaɗai a Dutsen Karmel gaban annabawan Ba'al 450, wuta ta sauko, ruwan da aka yi shekara uku da rabi ana jira ya sauko, ya sheƙa a guje gaban karusar Ahab har Yezreyel. Saƙo ɗaya daga Yezebel ya isa ya sa shi ya tsere har Biyer-sheba, ya bar baransa a can, ya nausa jeji tafiyar yini guda ya zauna a gindin wani itace yace Ubangiji ya isa haka, ɗauki raina. To me Allah yayi masa? Bai ce ina bangaskiyarka ba, bai sa shi azumi ba. Barci ya bar shi yayi, mala'ika ya tashe shi ga gurasa da tulun ruwa, ya ci ya sha ya sake kwantawa, aka sake tashinsa aka ce ci dan tafiyar ta fi ƙarfinka. Sau biyu abinci, sau biyu barci, kafin a yi masa ko tambaya ɗaya. Maganar sai can a Horeb bayan kwana arba'in, ita ma ba cikin guguwa ko girgizar ƙasa ko wuta ba, cikin wata 'yar murya a hankali. Wanda ya sa ka azumin nan da kyakkyawar niyya yayi, ba na zarginsa, azumi na da ranarsa, amma wanda ya ba majinyacin zazzaɓi fartanya ba taimakonsa yayi ba. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya.

Kuma ka lura da kukan Iliya a Horeb, cewa yake ni kaɗai na rage. Allah yace a'a, akwai mutum 7,000 da basu durƙusa wa Ba'al ba, sannan ya aike shi ya keɓe Elisha ya zama magajinsa. Wato maganin da aka bashi abinci, barci, gyaran lissafi, da mataimaki. Riƙe wannan "ni kaɗai" ɗin zan dawo kansa dan nan ne ciwon yake.

Kafin nan, asibiti. Satin nan ba sati mai zuwa ba, ka je a auna maka hawan jini da suga, hawan jini ba ya sallama, fastoci nawa muka binne ana cewa "jiya ma yayi wa'azi lafiyarsa ƙalau". Ka faɗa wa likita maganar barcin da faɗuwar gaban, ka faɗa masa na harin ma, kar ka ɓoye, dan wanda ya wanke gawarwaki ya binne su da hannunsa yana iya ɗaukar rauni a zuciya ko da harsashi bai taɓa shi ba. 'Yan'uwanmu na EYN, wato Ekklesiyar 'Yan'uwa a Nijeriya, sun ga wannan da idonsu bayan 2014, shekarar da aka sace 'yan matan Chibok har hedkwatarsu ta Kwarhi ta faɗa hannun 'yan Boko Haram, fastocin da ke ta'azantar da jama'a su ma sai da aka zaunar da su a tarukan warkar da raunin zuciya. Ita kanta Hukumar Lafiya ta Duniya a 2019 ta sa irin wannan matsananciyar gajiyar cikin jerinta a matsayin abun da wahalar aiki ke jawowa, ta ce alamunta uku ne, ƙarfi ya ƙare, mutum yaji zuciyarsa tayi nisa da aikin, sannan aikin ya daina fita yadda ya saba. Ka karanta saƙonka ka gani ko ba duka ukun ka lissafo mini ba. In kuma ya kai ga kana jin gara ma ka mutu, ko komai ya daina maka daɗi sati da sati, to wannan ya wuce hutu kaɗai, ka nemi likitan ƙwaƙwalwa, ga asibitin Barnawa nan a Kaduna, zuwa can ba hauka bane kuma ba rashin bangaskiya bane, ka faɗa wa matarka a ranar, kar ka riƙe shi kai kaɗai.

To yanzu maganar da ba zata maka daɗi ba. Na karanta jadawalinka sau uku ina neman inda dattawanka suke ban gansu ba sai a taron Litinin. Me ya sa sai kai zaka yi wa zumuntar mata nazari? A cikinsu akwai matan da suka haddace Littafin Waƙoƙi da ayoyi tun kafin a haife ka. Me ya sa addu'ar Laraba ba zata yiwu ba sai kana nan? Zaka ce mutane basa yarda sai fasto, haka ne, amma wa ya koya musu? Mu ne. Mu faɗi gaskiya tsakaninmu, akwai wani daɗi da muke ji in aka ce "ai in ba Baba Fasto ba abun ba zai yiwu ba", muna ƙorafi a baki amma can ciki kai na kumbura. Ni na sha wannan zumar shekara da shekaru har ta kusa kashe ni. Musa ma haka ya zauna daga safe har yamma yana yi wa jama'a shari'a shi kaɗai, surukinsa Yetro ya zo ziyara ya kalli abun kwana ɗaya kawai yace abun da kake yi ba kyau, zaka gajiyar da kanka ka gajiyar da mutanen nan. Bai ce masa sannu da ƙoƙari ba. Ya sa shi ya naɗa shugabannin dubu-dubu, ɗari-ɗari, hamsin-hamsin, goma-goma, sai babbar magana kaɗai ta iso wurinsa, yana nan a Fitowa 18. Manzanni ma da rigimar rabon abincin gwauraye ta taso a Ayyukan Manzanni 6 mutum bakwai aka zaɓa suka riƙe, su suka tsaya kan addu'a da Magana. Hannu ɗaya baya ɗaukar jinka, mun san karin maganar, a wa'azi muke faɗa wa mutane mu kuma mu koma mu saɓi jinkar mu kaɗai.

Saboda haka hutunka ba abun da zaka ƙudurta a zuciya bane kace daga gobe zan riƙa hutawa, wallahi ba zai kai sati biyu ba. Sai an kai shi gaban dattawa an rubuta a littafin taro. Rana ɗaya a sati, kuma Lahadi ba hutunka bace, ita ce ranar kasuwarka. In Litinin ce a ɗage taron dattawa zuwa wata rana. Sakatare ne zai tashi ya sanar a sujada ba kai ba, dan in kai ka faɗa za'a ce fasto ya fara girman kai, in dattawa suka faɗa doka ce. A faɗi sunan dattijon da za'a nema ranar, a karanta lambarsa. Mutuwa ko haɗari a zo a buga maka ƙofa, amma rigimar akuya ta ci dawar maƙwabci zata iya kwana. Ƙananan masujadan uku kuma ka samu mutum ɗaya a kowace ka fara koya masa, wa'azinsa na farko ba zai kai naka ba, ka haƙura ka danne zuciyarka, naka na farkon ma wasu ne suka haƙura.

Na san abun da ke ranka, kace ranar hutun ai ita ce ranar gona. Nan kam ba zan yi maka daɗin baki ba, talauci na cinye hutu, kuma mai cikakken albashi bai isa ya yi maka wa'azi a kai ba. Amma ka duba Fitowa 34:21, ga manoma aka faɗa, aka ce ko lokacin huɗa ne ko na girbi a huta, lokacin da hutun ya fi tsada kenan. A sura 23 har sa da jaki an sa a ciki. Kai ɗan ƙauye ne ka san ba mai hankalin da ke barin shanun huɗa cikin karkiya daga asuba har faɗuwar rana, in rana ta take ana kwance su a kai su inuwa, dan ya san in sa ya faɗi damina ta tafi. Abun da zan ce, ekklesiyar da bata iya biyan fasto abun da zai ishe shi tana iya masa gayya, matasa su fita rana ɗaya a huɗa, rana ɗaya a noma, rana ɗaya a girbi. Da haka ake yi, ba sabon abu bane, kunyar tambaya ce kawai ta hana.

Sai hutun ruhu, wanda shi ka fi tambaya. Kai ka zama mai tuwo-tuwo ne, kullum hannu cikin tukunya kana kwasa wa mutane, kai kuma ƙamshi ya ƙosar da kai baka ci ba. A Markus 6 almajirai sun dawo daga aike, jama'a na ta kai da kawowa har basu samu zarafin cin abinci ba, Yesu da kansa yace su zo gefe wurin da ba kowa su ɗan huta, alhali marasa lafiya basu ƙare ba. Shi ɗin ma ya kwanta a bayan jirgi kan matashi yayi barci. Ranar hutunka ka ɗauki Zabura ɗaya ka tafi gindin mangwaro, ba biro ba takarda, in wani batu mai kyau na wa'azi ya faɗo maka ka bar shi ya wuce. In addu'a ta ƙi fita kar ka matsa, karanta Zabura 42 ko 88 da ƙarfi ta zama addu'arka, masu rubuta su ma a bushe suke lokacin. In barci ya ɗauke ka a nan ba zunubi kayi ba. Kuma ko sau ɗaya cikin wata uku ka tafi wata majami'a inda ba'a sanka ba, ka bar kwala a gida, ka zauna a bencin baya, ka karɓi jibin Ubangiji daga hannun wani. Ranar da na fara yin haka kuka nayi kaman yaro, ashe na shekara fiye da goma ba wanda ya miƙo mini gurasar nan.

Ka nemi aboki ɗaya, fasto ko ba fasto ba, amma ba wanda ke da hannu a canjin wurin aikinka ba kuma ba ɗan ekklesiyarka ba, wanda zaka iya ce masa yau ba na son ganin kowa bai zaro ido ba. Ka kuma ba matarka haƙuri da baki, ba da sabon zani ba. Bayan wata shida da barci da hutu, in har yanzu kana jin barin aikin, rubuto mu sake magana, lokacin da kai zan yi magana ba da gajiya ba.

TAMBAYA

Baba ina wuni. Ni matar fasto ce. Kowa na tausayin maigida amma ba mai tambayata. Ba'a zaɓe ni komai ba amma duk taron zumunta ni ce gaba, baƙo ko na wa ne gidanmu ake saukewa, tukunyata bata sauka daga murhu, in na fashi addu'ar asuba sau ɗaya sai a fara ƙus-ƙus. Ƙaramin ɗanmu ya taɓa ce mini wai Baba na 'yan coci ne ba namu ba. In nace na gaji laifi ne?

AMSA

'Yata ba laifi bane ko kaɗan. Na bincika ban ga wani muƙami wai shi Mama Fasto a Littafi ba, mu muka ƙirƙiro shi muka ɗora miki ba albashi ba ranar sauka. Ki zaɓi hidima ɗaya da kike jin daɗinta da gaske ki riƙe, sauran ki mayar wa shugabannin da aka zaɓa da ƙuri'a, za'a yi magana wata ɗaya ko biyu sai a saba. Maganar baƙi a kai ta gaban dattawa, baƙon ekklesiya nauyin ekklesiya ne, a raba kwanon gida-gida ko a fitar da kuɗin cefane daga baitulmali. Amma maganar yaron nan ita ce ta tsaya mini a wuya. Ki faɗa wa maigida ita daidai yadda yaron ya faɗa, ba ranar Asabar da dare ba kuma ba da faɗa ba, ki bari ya ci ya ƙoshi tukuna. Ya san 1 Timoti 3 fiye da ni, inda aka sa iya riƙon gida cikin sharuɗɗan shugaba tun kafin a zo maganar riƙon ekklesiya. Ekklesiyar nan wata rana za'a canja muku ita, wani fasto zai zo har a manta sunanku, yaron kuwa uba ɗaya gare shi.

TAMBAYA

Rabaran ni dattijon ekklesiya ne shekara 26. Fastocin da a ƙafa da keke suke bishara basu san wani abu wai hutu ba, Turawan mishan ma haka. Na yanzu ga mashin ga waya amma kullum sun gaji. Anya ba ragwanci bane?

AMSA

Baba Dattijo ranka ya daɗe, raggwaye akwai su, na yi aiki da wasu, ba zan kare su ba. Amma maganar Turawan mishan a gyara. Mutum uku na farko na ƙungiyar mishan ta SIM sun sauka Legas a 1893, Bingham da Gowans da Kent, kafin ƙarshen 1894 biyu sun rasu, Gowans a Girku, Kent a Bida. Waɗanda suka biyo baya sun koyi darasi, a 1914 suka kafa gidan hutu a Miango kusa da Jos inda iska ke da sanyi, musamman dan ma'aikatansu su je su huta su murmure su koma bakin aiki, gidan yana nan har yau. Wato tun shekara 40 kafin a kafa ekklesiyar ECWA a 1954 an riga an gina wa hutu ɗaki.

Su kuma iyayenmu masu keke, dare na yi musu dare ne, ba mai samunsu sai ya taka ya zo, in rafi ya cika da damina sai a zauna a gida dole. Wayar da kake gani kaman sauƙi ita ce ta cire ƙofar gidan fasto gaba ɗaya, ƙarfe biyu na dare ma ana turo masa mafarki a WhatsApp ya fassara. Tunda shekararka 26 a kujerar nan kana da bakin magana, a taronku mai zuwa ka sa sakatare ya buɗe littafi ya duba yaushe rabon fastonku da tafiya hutun shekara, in ya tafi ɗin an bashi kuɗin mota, kuma sau nawa aka kira shi ya dawo jana'iza kafin hutun ya ƙare. Ka rubuto mini abun da kuka gani.